Hoton Bishiyar Lemon Kaka

A gidan kakarta 'Yar Shiru ake ce mata, don tun tana ƙarama za ta wuni cikin mutane ba a ji muryarta ba sai an tambaye ta. Shekarar da ta cika sha shida, da aka ba da dogon hutu, babanta ya sa ta a mota ita kaɗai ya tura ta can, saboda shi da mahaifiyarta aiki bai sake su ba. A jakarta akwai kaya kala biyar, da littafin lissafin da har hutun ya ƙare ba ta buɗe ba, da wata baƙar kyamara da yayanta ya saya a hannu, ya yi wata biyu yana ɗokinta sannan ya jefa ta ƙarƙashin gado. Murfin batirin ya karye, da robar ɗaure gashi ake riƙe shi.

Gidan Kaka babba ne, amma a dogon hutu ƙarami yake komawa. 'Ya'ya da jikoki kowa sai ya kwaso nasa ya taho. A wannan shekarar mutum ashirin da uku aka ƙirga, ban da masu zuwa su wuni. Zafi ya yi zafi, fanka biyu ne kawai ke aiki, kullum da rigima kan wanda ya juya kan fankar wajensa. Takalma a ƙofar falo kuwa, in ka cire naka da safe, sai dai ka gan shi a ƙafar wani da yamma.

Mai riƙe da gidan a irin wannan lokaci ita ce Gwaggo, babbar 'yar Kaka, wadda makullan sito ke rataye a wuyanta, muryarta kuma tana kaiwa bakin titi. Ƙaninta Baffa Tela shi ne mazaunin gidan dindindin, shagonsa na ɗinki a ƙofar gida yake. Ita kuwa Kaka, shekara biyar ke nan ciwon yana ya rufe mata ido biyu. Tana bambance dare da rana, tana ganin giftawar mutum kamar inuwa, shi ke nan. Ga ciwon gwiwa ya haɗu mata, saboda haka duniyarta daga ɗaki sai baranda. Sau biyu likitan ido yana cewa aikin ba wani abu ba ne, minti ashirin an gama, ita kuma sau biyu tana cewa ba a haifi mai sa mata wuƙa a ido ba. Duk hutu sai 'ya'yanta sun taru sun roƙe ta, duk hutu sai ta sallame su.

Hotunan da 'Yar Shiru ta fara ɗauka ba su yi kyau ba. Ta jera yara a tsakar gida da tsakar rana, suka fito baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani. Ta ɗauki Gwaggo tana zaune a kujera, Gwaggo ta karɓi kyamarar ta duba ta ce, "Ke, wannan ni ce ko buhun gawayi? Goge shi kafin wani ya gani."

Akwai wani dattijo mai wankin hoto a bakin titi, tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. Can ta kai katin kyamarar don a wanke mata guda uku. Ya sa shi a kwamfuta, ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya yi ta wucewa da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Yarinya, tsoron mutane kike yi?"

Ta ce, "A'a, Baba."

"To me ya sa kike tsayawa can nesa kamar mai leƙen gidan wani? Ki matsa. In kin ga kin matsa, ki ƙara taku biyu. Sannan ki daina fuskantar rana. Ki bar ta a bayanki ko a gefenki. Tsakar rana kuma ki ajiye kyamara ki je ki taya wanke-wanke."

Daga nan ta koma tashi da wuri. Da safe haske yana shiga shagon Baffa Tela ta taga ɗaya, ya sauka kan teburin yanka. Ta ɗauki hannunsa riƙe da almakashi, ta ɗauke shi da allurai uku a baki yana auna wuyan riga, ta ɗauki ƙafarsa a kan fedar keken ɗinki. Da farko yana gyara hula in ya ga ta ɗaga kyamara, bayan kwana uku ya manta da ita. Shirunta ya yi mata rana a nan, don mutane ba sa lura tana wurin. Ta samu Gwaggo tana gyangyaɗi da makullai a hannu. Ta samu yara bakwai sun kewaye kankana guda, kowa ido a kan wuƙa.

Wata yamma tana zaune a ɗakin Kaka tana duba abin da ta ɗauka, Kaka ta ce daga kan gado, "Wai me ke ƙaras-ƙaras a hannunki tun da kika zo? Ko ɓera kika kawo min?"

"Kyamara ce, Kaka."

"Me kika ɗauka?"

Sai ta shiga faɗa mata ɗaya bayan ɗaya. Wannan Baffa ne a shago. Wannan Kumatu ce tana kuka an hana ta ƙanƙara. Kumatu ita ce autar Baffa Tela, shekararta uku, bayan idon Kaka ya rufe aka haife ta. Kaka ta san nauyinta a cinya, ta san muryarta, amma ba ta taɓa ganin fuskarta ba.

Kaka ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni in ji nauyin abin."

Ta jujjuya kyamarar, sai hasken allon ya faɗo mata a fuska. Ɗakin da duhu-duhu saboda an saki labule. Ta kai allon dab da idonta na hagu, har yana taɓa girarta. 'Yar Shiru ta sa yatsa ta ƙara girman hoton, ta ƙure hasken.

Can Kaka ta ce, "Wannan baki ne a buɗe?"

"Baki ne."

"Ɗan matsar min sama." Aka matsar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hancin kakanku ne wannan. Shi ne sak. Kuma ba wanda ya taɓa gaya min."

Tun daga ranar 'Yar Shiru ta samu aiki. Kullum bayan karin safe Kaka za ta aike ta. Je ki ɗauko min kicin. Je ki ɗauko min ƙofar gida daga waje. Je ki ɗauko min matar Baffanki, amma kada ta sani. Da yamma a saki labule, su zauna su biyu a bakin gado, Kaka ta manna ido a allo tana tambaya, jikar tana cike mata abin da bai fito ba. Rabin abin ba ta gani, amma rabin da take gani ya ishe ta magana. Ta gano an canza fentin ƙofa. Ta gano babbar tukunyarta ta rasa hannu ɗaya, ta sa aka kira Gwaggo ta yi bayani.

A mako na uku ta ce, "Yau bishiyata za ki ɗauko min."

Kowa a gidan ya san bishiyar lemon Kaka. Marigayi mijinta ne ya dasa ta a bayan gida shekarar da suka tare. Hanyar wurin sai an sauka matakala huɗu, shi ya sa tun da gwiwa ta matsa mata ba ta sake zuwa ba. Amma kullum da safe ana matsa mata lemon a ruwan ɗumi, kullum kuma sai ta ce duk garin ba lemo irin nata.

'Yar Shiru ta sauka matakalar ta zagaya. Babu bishiya. Tankin ruwa ne a kan dakali, a gefensa ga kututture ya bushe ya tsattsage, an kife bokiti a kansa. Ta tsaya tana kallo. Sai ta matsa, ta ƙara taku biyu, ta ɗauke bokitin ta ɗauki hoton.

A kicin ta samu Gwaggo ta nuna mata. Gwaggo ta ajiye ludayi ta jawo ta ciki ta tura ƙofa.

"Gara ce ta cinye ta, shekara biyu ke nan. Ta bushe ƙurmus, reshe ya kusa faɗo wa yara, Baffanki ya sare. Muka ce ba za mu gaya mata ba. Ido ya tafi, miji ya tafi, a ce mata bishiyar ma ta tafi? Lemon da take sha daga kasuwa yake."

"To yanzu me zan nuna mata?"

"Maƙwabtanmu na baya suna da irinta. Ki hau dakalin tanki ki ɗauko tasu ta saman katanga. Me take gani? Kore ne dai kore."

'Yar Shiru ba ta saba musu da manya ba. Ta hau dakalin ta ɗauko. Hoton ma ya yi kyau fiye da yadda ta so, rana ta bugi ganyen ta gefe, 'ya'yan sun yi ruwan ɗorawa.

Kaka ta daɗe a kan wannan hoton fiye da kowanne. Ta ce, "Ta rame. Ba sa ba ta ruwa yadda ya kamata." Ta sake mannawa. "Amma ta yi 'ya'ya, Allah sarki." Ta miƙa kyamarar, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Kira min Baffanki."

Baffa Tela ya shigo da tef a wuya, ya durƙusa. "Ga ni, Inna."

"Likitan nan naku mai wuƙa, yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Ka je ka karɓo min rana. Na gaji da leƙen duniya ta ramin akwati. Ina so in zauna ƙarƙashin bishiyata in gan ta da idona."

Baffa ya ce to. Ya fito baranda ya tsaya yana kallon Gwaggo, Gwaggo tana kallonsa. Abin da suka shekara biyar suna roƙo ya samu, kuma ba wanda ya iya yin murna. Aka ba da rana, kwana tara masu zuwa. A kwanakin nan shawarar da ba a kawo ba kaɗan ce. Wani ya ce a sayo babbar bishiya a dasa, aka ce ba za ta kama ba. Wani ya ce a ce mata jiya-jiya iska ta kayar, aka ce kututturen zai tona. Gwaggo ta yanke cewa kowa ya kama bakinsa har a gama aikin, in ya so a san abin faɗa. Baffa Tela ya ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu a mako guda.

'Yar Shiru ta ci gaba da zuwa aiken Kaka, amma daɗin ya fita. Kullum in sun gama kallon na ranar sai Kaka ta ce, "Mayar min da bishiyata in ƙara gani." Ita kuma ta mayar. Hoton kututturen yana nan kafin shi, dannawa ɗaya ce tsakaninsu, kullum sai ta yi hattara kada yatsanta ya zame.

Ana gobe aikin, da hantsi, Kaka ta sa ta ninke mata kayan da za ta tafi da su. Tana ninkewa Kaka tana cewa in an buɗe mata ido kujera za a kai mata can baya, a ɗauke ta ko da a hannu ne. 'Yar Shiru ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta saki labule, ta kunna kyamara, ta zauna kusa da ita.

"Kaka, akwai hoton da ban nuna miki ba."

Kaka ta manna ido. "Mene ne wannan? Turmi?"

"Bishiyarki ce. Gara ta cinye ta shekara biyu da suka wuce, aka sare. Waccan da na nuna miki ta maƙwabta ce. Ni na ɗauko ta ta saman katanga."

Kaka ta riƙe kyamarar a ido har allon ya mutu da kansa. 'Yar Shiru tana jin yara suna faɗa kan ƙwallo a tsakar gida, tana jin keken Baffa daga shago. Ta yi zaton Kaka kuka za ta yi, ko ta ce ta fasa aikin.

"Lemon da nake sha fa?"

"Na kasuwa ne."

"Shekara biyu ina yabon lemon kasuwa." Ta ajiye kyamarar a cinya. "Wa ya sa ki ɗauko ta maƙwabta?"

'Yar Shiru ta sunkuyar da kai.

"Bar shi, na san muryar mai wannan dabara. Kira min su duka biyun."

Gwaggo mai shekara hamsin da takwas da Baffa Tela mai hamsin suka durƙusa a gaban gado, Kaka ta wanke su tas. Ba ta ɗaga murya ba, amma har baranda ana ji, don gidan ya yi tsit. Ta ce ido ta rasa, ba hankali ba. Ta ce ita ta binne miji, ta binne 'ya'ya biyu, ba itace ne zai kashe ta ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta ce, ko reshe ɗaya ba a kawo mata ta taɓa ba kafin a kai wa masu wuta. Baffa ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna, tausayinki muka ji." Ta ce ya riƙe tausayinsa.

Gwaggo ta yi ƙarfin hali ta ce, "To Inna, maganar gobe fa?"

"Gobe da sassafe. Da don bishiya zan je, yanzu don ku zan je. Allah kaɗai ya san abin da kuka sare ban sani ba."

Da suka fito Gwaggo ta harari 'Yar Shiru ta ce, "Wuni guda ba kya magana, ranar da kika buɗe baki kuma sai kin ɗaure mu." Kwana biyu ba ta sa ta aiki ba, wanda a wajen Gwaggo fushi ne babba.

Idon hagu aka fara yi. Washegari aka koma aka cire bandeji, aka ba ta baƙin tabarau, yara suka yi ta dariya suna ce mata direban babbar mota. A ƙofar gida ta sa aka tsaya. Ta ɗaga tabarau ta kalli Baffa Tela da ke riƙe da hannunta, ta ce, "Kai, yaushe ka tsufa haka?" Ta kalli Gwaggo ta ce, "Ke kuma kin yi ƙiba." Aka miƙo mata Kumatu, yarinyar ta ga baƙin tabarau ta tsala ihu.

Bayan kwana uku aka ɗora ta a kujera, maza biyu suka sauke ta matakalar. Ta zauna gaban kututturen, ta sa hannu ta shafa tsagin, ta ɓanɓaro ɓawo ɗaya ta ɗaure a bakin mayafi. Ta kalli tankin ta ce an sa shi a karkace. Sannan ta ce a mayar da ita, rana ta yi zafi.

Saura kwana biyu hutu ya ƙare, 'Yar Shiru ta kai katin wajen dattijon ya wanke mata hoto arba'in. Wannan karon ya tsaya a kan na hannun Baffa da almakashi, ya ce ta bar masa ɗaya ya manna a bango. Kaka ta baje sauran a kan gado, ta bi su ɗaya-ɗaya tana rabawa. Na Gwaggo mai gyangyaɗi ta ce a sa mata a firam. Na bishiyar ta miƙa ta ce, "Kai wa maƙwabta abinsu, ki ce ina gaisuwa, kuma su riƙa ba ta ruwa." Na kututturen ta tura ƙarƙashin matashi. Da ta zo kan wani na wata tsohuwa a baranda, kanta a karkace tana sauraron wani abu, ta ce, "Wannan kuma wace ce?"

"Ke ce, Kaka."

Ta kai shi kusa, ta kai shi nesa. "To. Ai da sauƙi. Na zaci abin ya fi haka."

Ranar tafiya, jaka tana ƙofa, mota tana jira a waje, Kaka ta ce a ba ta akwatin hoton. Ta sa 'Yar Shiru ta tsaya a tsakar gida, ta tambayi inda ake dannawa, ta rufe idon da ba a yi wa aiki ba ta danna. Hoton ya fito da rabin fuskar yarinyar, da igiyar shanya, da ƙafar Gwaggo tana wucewa da tsintsiya.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Inna, kin yanke mata kai."

Kaka ta ce, "Ido ɗaya aka gyara min. Ta dawo hutu mai zuwa in ɗauki sauran."

Direba ya yi hon. 'Yar Shiru ta durƙusa ta yi sallama, Gwaggo ta cusa mata ledar burodi da ruwan sanyi a hannu tana faɗan kada ta yi barci a hanya a wuce da ita, Baffa Tela ya ɗauki jakar ya yi gaba.